Kunya Ba Guzurin Tafiya Ba Ce

Jummai 'yata,

Babanki ya shaida mini biza ta fito, kuma a watan Satumba za ki tashi zuwa Landan ki fara karatun digiri na biyu. Alhamdu lillahi. Na san kan gidan ya rabu a kan tafiyar nan. Akwai masu cewa ina aka taɓa ganin mace a kan keke ta kama hanyar ƙasar Turawa ba uwa ba uba. Ni ina cikin waɗanda suka ce a bar ki ki tafi, kuma ba don in faranta miki na faɗa ba. Na yi aikin jinya har na yi ritaya, na zauna a Ingila, na kuma ga yadda kika koyi zama da jikinki tun bayan haɗarin da ya taɓa miki laka. Ƙafafunki ba su ne damuwata ba. Kunyarki nake ji wa tsoro.

Mu muka koya miki ita, kuma a gida ado ce. A nan idan kika yi shiru, Innarki ta san abin da shirun yake nufi. Idan kika ce kin ƙoshi, za a sake tambayarki har sau uku. Can kuwa wanda ya yi shiru lafiyarsa ƙalau, an wuce wurin. Akwai kuma wani abu da na daɗe da lura da shi. Titunanmu sun haɗa keken guragu da bara, shi ya sa kika tsani a ga bakinki yana neman wani abu a wurin wani. Kin gwammace ki sha wuya ki yi gum. To ki sani, abin da za ki nema a filin jirgi da tasha da jami'a ba sadaka ba ce. Kuɗinsa yana cikin tikitinki, kuma dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta wajabta wa makarantu da shaguna da masu sufuri su gyara tsarinsu domin irinki. Wanda ya shimfiɗa miki gangaren ƙarfe ki hau jirgi, aikinsa ya yi. Ki gode masa kamar yadda aka tarbiyyantar da ke, amma kada ki ba shi haƙuri.

Tun yanzu ki rubuta wa kamfanin jirgin. Ƙa'idarsu a sanar da su awa 48 kafin tashi, amma ke kada ki jira ƙurewar lokaci. Ki rubuta ta imel, ki buga amsar a takarda ki riƙe, domin maganar waya ba ta da shaida. Ki duba wasu haruffa huɗu da ake sa wa mai buƙatar keke. WCHR na wanda yake hawa matakala ne, doguwar tafiya ce kawai take gagararsa. WCHS na wanda ba ya iya matakala amma yana takawa zuwa kujerarsa. Naki shi ne WCHC, wato wanda sai an kai shi har kujera. Ejan ɗin da ya yanka miki tikiti ya saba da tsofaffin alhazai masu ciwon gwiwa, hannunsa zai iya zarcewa ya sa miki na farkon. Idan aka yi haka, jirgi kuma ya tsaya nesa da gini, ba wanda zai tanadi motar da ke ɗaga mutum har ƙofar jirgi. Sai dai ki ga ƙarti sun zo za su kinkime ki a kan matakala. Harafi ɗaya ne ya jawo, kuma dubawar minti biyu ta isa ta hana.

Sai keken. Jummai, duk abin da ke cikin akwatinki ana samunsa a kasuwar Landan, amma keken da aka auna da jikinki ba ya sayuwa a yini ɗaya. A Amurka, inda gwamnati ke tilasta wa kamfanonin jirgi su ƙirga, kekuna fiye da 11,000 aka lalata ko aka ɓatar ko aka jinkirta a shekarar 2023 kaɗai. Don haka ranar tafiya ki ɗauki hotonsa ta kowace fuska. Idan a wurin auna kaya aka ce ki koma keken filin jirgi a wuce da naki, ki ce a'a, a cikinsa za ki zauna har ƙofar jirgi, a kuma liƙa masa takardar da ke nuna a ƙofar jirgi za a dawo miki da shi. Kekunan filin jirgi da yawa ƙananan tayoyi gare su, ba ki iya tura kanki. Inda aka ajiye ki nan za ki tabbata, ko banɗaki kike so sai kin jira wani ya tuna da ke. A bakin ƙofa ki cire kushin ɗinki da matakan ƙafa da duk abin da ke ciruwa, ki shiga da su ciki. Kushin ɗin ma a kansa za ki zauna. Ki ɗaura wa keken takarda da Turanci, da manyan haruffa, mai bayanin yadda ake naɗe shi da inda ake kamawa a ɗaga.

Kafin nan akwai maganar kaya, wadda ta fi shafarki fiye da sauran matafiya, domin ke wasu ne za su tura miki su. Kin tuna ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018, bayan wasu ɓata-gari a filin jirgi sun liƙa sunanta a jakar da ba tata ba, mai ɗauke da ƙwayar tramadol? Sai da ta yi watanni a tsare kafin gaskiya ta fito. Ki sa a tura ki har gaban ma'auni, ki ga jakunkunanki da idonki, ki ƙirga 'yan takardun shaidar da aka liƙa miki a tikiti. Jaka biyu, takarda biyu. Fasfo kuwa daga hannunki zuwa hannun jami'i, ya dawo hannunki, ba ya kwana a aljihun mai tura ki. Saƙo kuma, na san za a kawo. Wance tana da ɗa a can, wane yana da ƙanwa. Duk ƙunshin da ba ki buɗe kin gani ba, ba ya shiga kayanki, ko daga ɗakina ya fito. Wanda ya ji haushi ki turo shi wurina. A wurin bincike mace ce za ta laluba ki, kuma kina da damar cewa a shiga da ke ɗaki a rufe.

Ku masu keke ake fara shigarwa jirgi, ku ake fitarwa a ƙarshe. Za a kawo wata siririyar kujera mai taya wadda ke bi ta tsakanin kujeru, da mutum biyu da za su ɗaga ki. A nan nake so ki ajiye kawaici gaba ɗaya. Ba su san jikinki ba, wataƙila ma sauri suke yi. Ki ce su dakata. Ki nuna wa na baya inda zai zura hannu, ki nuna wa na gaba ya tallafi ƙarƙashin gwiwoyi, ki ce ke za ki ƙirga ɗaya, biyu, uku. Kada kujerar ta motsa sai an ɗaura miki bel na ƙirji da na ƙafa. Idonki kuma yana kan ƙafafunki duk tsawon hanyar, domin idan yatsa ya maƙale a ƙarfen wata kujera ba za ki ji ba, su kuma ba za su gani ba.

Maganar banɗaki ba abin ɓoyo ba ce tsakanina da ke. Daga Abuja zuwa Landan tafiyar awa shida da wani abu ce, idan kika haɗa da shiga da wuri da fita a makare za ta kai takwas ko tara. Ki tambaya a rubuce ko akwai siririyar kujerar a cikin jirgin. Ma'aikata za su tura ki zuwa ƙofar banɗaki, amma ba sa ɗaga mutum su shigar da shi. Abin da na ga mutane suna yi shi ne su ƙi shan ruwa yini guda, su sauka da ciwon mafitsara da zazzaɓi a ƙasar da ba su san kowa ba. Kada ki yi haka. Ki je wurin likitanki ku yi shawara ko za a sa miki robar fitsari mai jaka domin tafiyar kawai. Robobinki da magungunanki da zanin canji su kasance a jakar hannu, ninki biyu na abin da kike zaton za ki buƙata. Magani ya zauna a kwalinsa na asali, tare da wasiƙar likita mai sunanki da yawan abin da kike sha, musamman idan akwai mai ƙarfi na kashe zafi, domin irinsu doka tana sa musu ido. Kina zaune kuma ki riƙa dafa hannun kujera kina ɗaga jiki, ko ki karkata dama ki karkata hagu, duk bayan rabin awa ko ƙasa da haka.

Idan an kusa sauka ki tuna wa shugabar ma'aikatan jirgin cewa kekenki a ƙofa kike jiransa. Bayan kowa ya fita, kada ki bar kujerarki sai kin ji tabbacin ya iso. Muddin kina ciki, ba su da damar rufe jirgin su tafi, saboda haka neman keken ya zama damuwar kowa. Da zarar kin yarda an fitar da ke a na aro, ya zama damuwarki ke kaɗai. Frank Gardner, ɗan jaridar BBC da aka harba a Riyad a 2004, ya yi kusan awa biyu a cikin jirgi a filin jirgin Heathrow a 2018 saboda an wuce da kekensa wani wuri. Tanni Grey-Thompson, mai lambobin zinare 11 a gasar Olamfik ta nakasassu, 'yar majalisar dattawan Birtaniya, da rarrafe ta sauka daga jirgin ƙasa a tashar King's Cross a watan Agustan 2024, domin ba wanda ya zo da gangaren sauka. Na kawo miki su ne don ranar da aka manta da ke kada ki ce ai don ke baƙuwa ce, ko baƙar fata, ko ba kowa ba, ki haɗiye. Ana yi wa 'yan ƙasa masu suna, kuma ba su haɗiye ba.

Keke ya iso, ki duba shi a wurin: tayoyi, birki, ko ya karkace. Idan da ɓarna ki sa a rubuta rahoto kafin ki bar filin jirgin, ki bi shi da ƙorafi a rubuce cikin kwana 7. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ƙayyade diyyar kaya, ba ta wuce kimanin dala dubu biyu ba, keke mai kyau kuwa yana iya fin haka. Ki yanki inshorar da ta ambaci keken da kuɗinsa.

Landan kanta za ta yi miki sauƙi ta wata fuska, ta ba ki mamaki ta wata. Kowace bas tana da gangare a ƙofar tsakiya, kuma mai keke ba ya biyan ko kwabo. Ki tsaya inda direba zai gan ki, ki ɗaga hannu. Idan kin shiga, bayanki za ki jingina da allon da aka tanada, kina kallon bayan motar, ki ja birki. Wani lokaci za ki tarar da keken jarirai a gurbin. Gurbin naki ne kafin na kowa. Sai da wani mai keke, Doug Paulley, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 2017 ta ce bai isa direba ya roƙa sau ɗaya ya yi shiru ba. Ki yi wa uwar jaririn magana da ladabi, idan ta ƙi ki yi wa direba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa tsoho ne, cikin tashoshi 272 kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ake shiga ba matakala. A taswira, alamar keke mai shuɗin da'ira tana nufin daga titi har cikin jirgi ba tangarɗa. Mai farar da'ira kuwa zuwa dandamali ne kawai, sai ma'aikaci ya kawo gangare. Layin Elizabeth da aka buɗe a 2022 shi ne abokinki, yana tasowa daga Heathrow, kuma ana kaiwa dandamalin duk tashoshinsa ba matakala. Kullum kafin ki fita ki duba a waya ko liftar tashar da za ki sauka tana aiki. Idan kin tarar ta lalace, ki nemi ma'aikaci. Su za su nema miki wata hanya, idan babu su kira miki tasi a aljihunsu. Baƙaƙen tasi na Landan duka suna ɗaukar keke, kuma laifi ne direba ya ƙara miki kuɗi saboda shi. Ki sa ya ɗaure keken da bel ko da tafiyar minti biyar ce. Motar da ta tsaya da kanta ta ce zo in kai ki, ba ki kira ta ba, ba baƙar tasi ba ce, kada ki shiga.

Ki sayi mabuɗin da ake kira Radar, 'yan fam kaɗan ne, yana buɗe dubban banɗakunan nakasassu a faɗin ƙasar. A cikinsu za ki ga jar igiya ta neman agaji. An yi ta ne ta sauko dab da ƙasa, domin wanda ya faɗi ya iya kamowa. Masu shara sukan naɗe ta sama. Kafin ki tashi daga keke, ki warware ta.

Yanzu ɗakin kwana, kuma a nan ne barcina yake ƙaurace mini. Kada ki yarda da kalmar "ya dace da nakasassu" a takarda. Ki sa ofishin kula da ɗalibai masu nakasa na jami'ar ya aiko miki da hotuna da awo: faɗin ƙofa, tsayin gado, ko wurin wanka a shafe yake da ƙasa, ko akwai kujerar wanka da ƙarfen kamawa. Sannan ki yi tambayar da mutane ba sa son yi: idan gobara ta tashi, yaya zan fita? Ba a hawa lifta lokacin gobara. A watan Yunin 2017 dogon benen Grenfell ya kama wuta a Landan, mutum 72 suka rasu, kuma cikin nakasassu 37 da ke zaune a ginin, 15 ba su fita ba. Ki nemi ɗaki a ƙasa. Idan bai samu ba, ki nemi a rubuta miki tsarin fitar da ke, da sunan wanda zai zo da rana da wanda zai zo da dare, da inda aka ajiye kujerar saukar da mutum ta matakala. Ki ce a gwada da ke a kai, tun ba a shiga hayaƙi ba. Da dare keke yana jikin gado, birki a ja, waya da caji a inda hannu zai kai. Wayar ma ki sa mata igiya ki rataya a wuya duk lokacin da za ki shiga wanka. Lambar gaggawa 999 ce, ta rashin lafiyar da ba ta kai gaggawa ba kuma 111. A makon farko ki yi rajista da likitan unguwa, tunda kin riga kin biya kuɗin lafiya tare da biza. Kada ki bari sai ciwo ya zo.

Sanyin can yana da wani haɗari da ba a faɗa wa irinki. A jikin bangon ɗaki akwai ƙarfen ɗumama ɗaki mai ruwan zafi a ciki, a ƙarƙashin wurin wanke hannu kuma akwai bututu. Na yi jinyar wanda ya jingina gwiwa da irin wannan ƙarfe yana karatu, bai sani ba sai da ya cire wando ya ga fata ta saɓule. Ki bar tazarar hannu tsakaninki da shi. Ruwan wanka ki gwada da gwiwar hannu. Robar ruwan zafi kada ta taɓa ƙafarki, safa mai kauri ta isa. Kowane dare ki ɗauki madubi ki duba mazaunai da dugadugai. A fatarmu ba lallai ki ga ja ba. Ki nemi wurin da ya yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi tauri, ko ɗumi. Kin gan shi, ki sauka daga kansa, ko da lacca za ki rasa. Gyambon zama kwana ɗaya yake shiga, ya yi watanni bai fita ba. A watan Disamba kuma rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, la'asar da magariba suna bin juna a guje. Ki sa wa keken 'yar fitila gaba da baya, domin a zaune kike, direba ba ya hango ki ta bayan motar da aka ajiye. Ki nemi safar hannu mai kama ƙarfe idan ya jiƙe.

Saura mutane. Mafi yawansu za su tambaye ki kafin su taimaka, idan kin ce a'a su wuce. Amma za ki haɗu da wanda zai kama keken ta baya ya fara turawa bai ce miki uffan ba. Ko da niyyarsa alheri ce, wanda ya riƙe hannun kekenki ya riƙe inda za ki. Ki damƙe tayoyi, ki ɗaga murya yadda na gefe zai waiwayo, ki ce ya sake. Ba rashin kunya ba ne. Jakar da ke rataye a bayan keke ta ruwa da laima ce kawai. Kuɗi da kati da waya suna gabanki, a ƙaramar jaka a ƙarƙashin mayafi, domin masu fizgen waya a kan babur sun yi yawa a birnin, kuma hannuwanki biyu suna kan taya. Fasfo ya zauna a ɗaki, hotonsa yana wayarki, wani kwafin yana wurin babanki.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai daɗin baki. Kewa za ta kama ki, ranar da kika ji an yi miki sallama da Hausa a bakin masallacin Whitechapel zuciyarki za ta yi sanyi. Ki amsa, ki yi zumunci, akwai mutanen kirki da yawa da za su zame miki dangi. Sai dai jin Hausa ba shaidar hali ba ce. Ki lura da mai son ya zama shi kaɗai ne ƙafarki: shi zai kai ki, shi zai ɗauko ki, shi zai riƙe miki kati ya ciro kuɗi, yana kuma hana ki koyon hanya da kanki. Ki koyi hanyar jami'a da ta asibiti da ta kasuwa ke kaɗai tun a makonnin farko, da rana, ko da sau biyu za ki ɓata. Taimako ki rarraba shi a hannu da yawa. Direban tasi ko wani baƙo ya tambaye ki ko ke kaɗai kike zaune, ba dole ki amsa ba, ki ce ana jiranki. Ki zaɓi mace ɗaya a can, maƙwabciyar ɗaki ko 'yar ajinku, wadda za ta san inda kika tafi da lokacin da ya kamata ki dawo. Mu nan addu'a ce tamu da waya, amma idan kika faɗi a banɗaki, wadda ke bayan bango ce za ta buɗe ƙofa.

Innarki kuma ki yanka mata lokaci guda na waya a yini, ki riƙe shi, don kada ta riƙa kiranki kina tsakiyar tsallaka titi. Idan abu ya ɓaci kada ki ɓoye don gudun a ce dama mun faɗa. Ki kira ni, ni na san yadda zan shigar da maganar gida.

Ranar Asabar ki zo da keken da wasiƙar likitan. Za mu kai shi wurin mai gyara ya ɗaure notuna, ya sa sababbin tayoyi, ki koyi yin faci da hannunki, mu haɗa miki sifana da famfon iska a 'yar jaka. Na kuma ce wa yayyenki mata biyu su zo. Za su ɗaga ki daga keke zuwa kujera kamar ba su taɓa ganinki ba, ke kuma ki ba su umarni da Turanci, da ƙarfi, har sai na jiyo ki daga zaure.

Allah ya kai ki lafiya, ya ba da abin da aka je nema.

Gwaggonki